Ranar da Muka Ɗauki Alƙali da Azumi a Bakinmu

Ranaku da yawa sun shuɗe daga raina, har da waɗanda na rantse ba za su taɓa shuɗewa ba. Amma ranar da muka ɗauki alƙalin unguwa a kafaɗa da azumi a bakinmu, ni da wani dattijo Bakano, wannan kam sai an rufe ni da ƙasa zan manta da ita. Yau gemuna ya yi fari fat, kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka, amma abin da ya faru ranar yana nan a idona garau.

A Bahiya ne, ƙasar Barazil. Ni Bazazzage ne. Yaƙi ya ci garinmu ina saurayi, aka yi ta sayar da ni hannu zuwa hannu har bakin teku, daga nan jirgi ya juye mu a can. Na faɗa gidan wani Baturen Ingila mai fataucin sukari da yadi, a unguwar da ke kan tudu tana kallon ruwa. Aikina ɗaukar kadera. Kadera kujera ce mai rufi da labule, a rataye jikin doguwar sanda, mutum biyu ke ɗauka, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Garin duk hawa ne da gangara, ko doki sai ya yi gardama, don haka duk mai hali a kafaɗar bawa yake yawo. Akan sa mana kwat mai kauri mai maɓallan tagulla da doguwar hula don a ga arzikin maigida, ƙafa kuwa ba takalmi, don kada mu manta ko mu su wane ne.

Abokin sandata shi ne dattijon nan, Baba nake ce masa. Ya riga ni zuwa ƙasar da shekaru masu yawa. Kafin a kawo shi birni, a Itafuwa yake, bakin teku, inda ake kama manyan kifayen nan da suka fi ɗaki girma ana narka kitsensu. Lokacin da Hausawan wurin suka tayar, yana cikinsu, kuma bayansa shaida ne, duk ya yi layi-layi kamar gonar da aka yi wa huɗa. Bai taɓa ba ni labarin ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Abin da ya fi so a duniya shi ne ya tsokane ni. Kun san Bakano da Bazazzage. Da safe in na gaishe shi sai ya ce, "Bawana, an tashi lafiya?" Ni kuma in ce, "Baba, ai mai bawa ba ya yawo ba takalmi." Sai ya yi dariya har ya yi tari. Mu biyu duk dukiyar wani ne, amma wannan wasan ba wanda ya iya ƙwace mana shi.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda Musulmi suka yi babban tawaye a birnin, yawancinsu Yarabawa, waɗanda a can ake kira Nago. Ba a yi nasara ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tawayen zafi. Duk Musulmi sunansa Male a bakin Turawa, kuma Male a wannan shekarar abin farauta ne. Farar riga laifi ce, zoben azurfa laifi ne, tasbaha laifi ce, guntun takarda mai rubutun Larabci kuwa ya isa a ɗaure mutum a turke a yi ta tsula masa bulala kwana da kwanaki. Wanda ya rayu a sayar da shi gonar rake, can inda ba a dawowa. Ni da Baba ba mu fita ranar tawayen ba, maigida ya kulle ƙofa ya kwana da bindiga a cinya. Amma Musulmi ne mu, kuma in aka tabbatar da haka ba wanda zai tsaya tambayar inda muka kwana.

A haka azumi ya sake zagayowa, ya faɗo daidai da bikin Kirsimeti, lokacin da zafin Bahiya yake kan ganiyarsa. Baba ya ga jinjirin wata a kan ruwa, ya taka mini ƙafa, shi ke nan sanarwar. Sahur ɗinmu garin rogo ne da muke jiƙawa da ruwa. Buɗe baki kuma ƙararrawar coci ta faɗuwar rana ce ke gaya mana, tunda babu mai kiran salla. Na ɗaura niyya a raina cewa ko me za a yi, ba zan sha ko rana ɗaya ba. Sun raba ni da uwata, sun raba ni da sunana, wannan kam ba zan miƙa musu ba.

Al'adar maigida ce ranar Kirsimeti ya sa a shimfiɗa wa bayi abinci a tsakar gida da rana tsaka. Aka kawo gasasshen alade sukutum, da wake da aka dafa da kitsensa, da garin rogo, da abarba da mangwaro tuli, ga kuma ganga guda ta kashasa, wato barasar rake. Maigida yana da wata magana ta yarensu da yake faɗa a irin wannan lokaci. 'Yan guntayen kalmomi ne biyu da suke haɗawa, harshena bai taɓa iya su daidai ba. Na daɗe a gidan kafin na gane abin da suke nufi. Ba irin bisimillar da mukan yi wa baƙo cikin mutunci ba ce. Nufinta a afka wa abinci ba kunya, a saki ciki, a ci har a kasa tashi. Na lura ba ya faɗa wa manyan baƙinsa ita a tebur. 'Ya'yansa yake faɗa wa in an kawo kayan zaƙi, ko abokin da suka shaƙu, ko mu bayi ranar biki, yana murza hannu yana dariya. Ba da mugunta yake faɗa ba. A ganinsa babu kyautar da ta kai ka ce wa mutum yau ya biye wa ransa.

A shekarun baya ba mu da damuwa. Mukan ɗebi 'ya'yan itace mu zame, ba mai kula wanda ya taɓa alade da wanda bai taɓa ba. Amma wannan shekarar akwai baƙo a baranda. Wani alƙalin unguwa ne daga cikin gari, ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗora wa binciken gidaje, abokin cinikin maigida. Ƙato ne, wuyansa ya haɗe da kafaɗa, idanunsa ƙanana amma ba abin da ke wuce su. An ce mutane da yawa sun sha bulala ta dalilinsa.

Maigida ya murza hannu ya faɗi maganar tasa, mutane suka afka. Ban ga laifinsu ba, wanda ya shekara yana cin garin rogo da busasshen nama ba ka hana shi wawaso ba. Masu ɗaukar kaderar alƙalin su biyu su suka fi kowa zaƙewa, suka tare bakin ganga. Ni da Baba muka tsaya gindin bango muna gyara labulen kaderarmu, labulen da ba abin da ya same shi. Ƙamshin naman nan kuwa ya cika tsakar gidan. Ba zan ɓoye muku ba, haram ne, na san haram ne, amma cikina bai karanta littafi ba, sai kuka yake.

"Waɗancan biyun fa," in ji alƙali da Fotiganci, yaren Turawan ƙasar, "ba su da baki ne?"

Baba ya cire hula ya matsa gaban baranda. "Ranka ya daɗe, mai kadera ba ya cika ciki kafin ya ɗauki sanda. In ciki ya yi nauyi ƙafa takan zame a gangare. Uwargida ta ce wataƙila ta fita da yamma."

Gaskiya ya faɗa, haka al'adar aikin take, kowane mai kadera ya san da ita. Alƙali ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya juya ya dubi nasa mutanen, ɗaya ya riga ya jingina da ganga yana waƙa, ɗayan yana neman hularsa alhali tana kansa. Ya yi murmushi, irin wanda ba ya kaiwa ido.

"Madalla. Nawa sun tashi daga aiki. Ku za ku kai ni gida."

Maigida bai so ba, na gani a fuskarsa, amma a wannan shekarar ko Bature ba ya ce wa alƙalin unguwa a'a. Aka bar mu tsaye har mutumin ya gama. Ya ci, ya sha, ya kwance maɓallan rigarsa ya ƙara ci. Wajen la'asar ya sauko, ya zube a kujerar har sandar ta yi ƙara. Ni ne a gaba, Baba a baya. Kafin mu ɗaga, Baba ya ce da ni ƙasa-ƙasa da Hausa, "Bazazzage, kar ka kalli rana. Ka kalli dutsen da za ka taka."

Na ɗauki mutane iri-iri a rayuwata, ban taɓa ɗaukar nauyi irin na ranar ba. Duwatsun hanya sun gasu, tafin ƙafata da ya yi kanta ma sai da ya ji a jikinsa. Kwat ɗin nan ya jiƙe sharkaf, daga baya gumin ma ya daina fita, wanda duk mai aikin ƙarfi ya san ba alheri ba ne. Alƙali kuwa sai ya ɗage labule yana magana, kamar mai hira da kansa. Ya ce ya san watan da ake ciki. Ya ce ya san mutanen nan masu yawan wanke ƙafa, da rana ba su ci ba su sha, sai duhu ya yi su taru suna ƙus-ƙus. Muka ci gaba da tafiya. Muka wuce barikin soja, muka wuce coci biyu, muka kama gangaren da ke sauka filin gidan wasa. A gangara na gaba ne ke shan nauyi, sandar ta nutse mini a kafaɗa, amma na riƙe.

Filin gidan wasan nan, a nan aka gwabza ranar tawaye, mutane suka zube. A nan alƙali ya buga sandar hannunsa ya ce a sauke. Wata mata tana zaune a inuwa da tulun ruwa tana sayarwa. Ya sa ta kawo, ya sha, ya yi gyatsa. Sannan ya sa ta sake cika moɗar, ya miƙo mini.

"Abinci na nauyaya ciki, na ji. Ruwa fa? Sha."

Na karɓa. Ruwan tulu ne, sanyi ƙalau, har moɗar tana raɓa. Na kai baki na cika kumatuna. Jama'a, wanda bai taɓa riƙe ruwan sanyi a baki ba alhali maƙogwaronsa ya bushe kamar soso, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Duk jikina cewa yake haɗiye. Ba wanda zai ga laifina, ko Baba ba zai gani ba. Na kurkure, na juya kai, na tofar a kan duwatsu. Na ce masa haka masu kadera ke yi, ruwan sanyi a cikin mai gumi yakan murɗa ciki.

Fuskarsa ta canza. Ya gyara zama, ya yi magana a hankali. "Cewa na yi ka sha. Ban ce ka wanke baki ba."

Na tsaya da moɗa a hannu. Na san in na ƙi, daga nan sai kurkuku, ga shi can sama kaɗan. Na kuma san ba zan haɗiye ba. Ban san daga ina taurin kan ya zo mini ba, amma ya zo, ya zauna daram. Ina cikin haka sai na ji an fizge moɗar daga hannuna. Baba ne. Ya hau ni da faɗa da Fotiganci, da ƙarfi don kowa ya ji.

"Yaro marar kunya, babba na tsaye kana gaba da shi wajen ruwa? Ranka ya daɗe, rabu da wannan, cikinsa na jariri ne. In ya sha yanzu, a hawan nan zai amayar, ya zame da kai. Ni tsohon hannu ne."

Ya cire hula, ya ɗaga haɓa sama yadda alƙali zai ga wuyansa sosai, ya kai moɗa baki. Ina kallo maƙoshinsa ya hau ya sauka. Kurɓi ɗaya. Ya sauke moɗar, ya miƙa wa matar kusan a cike, ya goge baki da bayan hannu.

Alƙali ya fashe da dariya har tumbinsa na girgiza. Ya ce Male ba ya haɗiye ruwa a wannan watan ko za a yanka shi, ya gwada da yawa ya gani. Ya dube ni ya ce ni kuwa ragon banza ne kawai. Ya saki labule ya ce mu tafi.

Na sa kafaɗa a sanda idona na zafi. Dattijon da ya sha bulalar Itafuwa bai saki addininsa ba, yau ya karya azumi a bainar jama'a saboda ni. Amma ba lokacin kuka ba ne, don aikin bai ƙare ba. Daga filin nan hawa ne zuwa filin fadar gwamna, kuma a hawa na baya ne ke shan nauyi. In Baba ya faɗi da alƙali a cikin kujera, ruwan da ya sha ya tashi a banza, mu duka biyu mun gama yawo.

Ba mu yi nisa ba na fara jin numfashinsa ta cikin sandar, yana fita kamar zugazugin maƙeri. Masu kadera kan yi waƙa da yarensu don ƙafa ta daidaita, Turawa sun saba, ba su kula. Sai na ɗauki waƙa na sa maganata a ciki.

"Baba, azuminka ya riga ya karye, ga wani mai ruwa can, in roƙa a tsaya ka sha."

Ya amsa da amshi, muryarsa a shaƙe. "Taka dutse, Bazazzage."

"Baba, za ka faɗi."

"Taka dutse."

Muka fito filin fada. Kurkukun yana ƙarƙashin ginin majalisar gari, tagoginsa daidai da ƙasa, ana ganin hannaye riƙe da ƙarafa. Wasu daga cikin masu hannayen nan na san su, mun sha haɗuwa a bakin kasuwa. Ban juya kai ba. Na ja kafaɗata baya, kusa da kujerar, don nauyin ya ƙaru a kaina ya ragu a kan Baba. Ya ji, don sandar ba ta ɓoye komai tsakanin mutum biyu. Bai ce komai ba, wannan ne ya nuna mini yadda ya galabaita, don da lafiyarsa ƙalau da ya zage ni tas.

Bayan filin akwai wata gangara, sannan hawa na ƙarshe zuwa gidan alƙalin, mai tsayi, duwatsunsa sun goge sun yi santsi. A tsakiyarsa na ji sandar ta yi ƙasa ta baya. Kujerar ta karkata, alƙali ya yi gurnani a cikin barci. Na kafa yatsun ƙafata a tsakanin duwatsu na tsaya cak, na riƙe. Fatar kafaɗata ta tsage, na ji ɗumin jini yana bin hannun kwat. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Can sai na ji sandar tana ɗagowa a hankali, na ji muryarsa kamar daga cikin rijiya, yana cewa mu je. Muka je. Ƙafa ɗaya, sannan ɗaya, har ƙofar gidan.

Aka tashi alƙali, bayinsa suka tallafe shi ciki. Ko waiwayo bai yi ba. A wurinsa maganar ta mutu tun a filin gidan wasa, kuma bai sake tayar da ita ba.

Muka juyo da kadera ba kowa a ciki. Da muka kai wani wuri da ake hangen teku, Baba ya ce mu sauke, ya zame ya zauna a ƙasa ya jingina da katanga. Leɓunansa sun yi fari sun tsattsage. Rana ta yi ja tana shirin faɗawa ruwa, amma da saura. Ga maɓuɓɓuga kusa da mu, mata na ɗiban ruwa. Na ce bari in ɗebo masa. Ya kama ƙafar wandona ya girgiza kai.

A nan haƙurina ya ƙare. Na durƙusa gabansa ina hawaye ina faɗa a lokaci guda. Na ce, "Baba, wannan wane irin taurin kai ne? Azumin ya karye tun ɗazu. Moɗa tana hannunka a cike, me ya hana ka shanye? Da ka mutu a hawan nan fa, me zan ce?"

Ya daɗe kafin ya tara yawun magana. Ya ce, "Kurɓin farkon nan, alƙali ne ya sa ni. Allah ya gani, ba zai tambaye ni ba, zan rama ranar. Amma da na ƙara na biyu, wannan nawa ne. Ba alƙali a ciki."

Na ce, "Ai ba wanda zai sani."

"Ni fa?" in ji shi. Ya rufe ido. "Ruwan ya yi daɗi, yaro. Ya yi daɗi ƙwarai. Shi ya sa na ajiye."

Muka zauna har ƙararrawa ta kaɗa. Na je na ɗebo ruwa a hulata, na riƙe masa ya sha, sannan na sha. Azumina na ranar bai karye ba, kuma na san wanda ya biya mini kuɗinsa. Bayan salla Baba ya rama ranarsa, na taya shi, ya ce ban da aikin yi ne. Kafaɗarsa ba ta ƙara komawa daidai ba, aka mayar da shi sharar lambu, a nan ya ƙare kwanakinsa kafin ni in sami 'yanci.

Tun daga ranar na gane cewa tilas tana da iyaka, kuma daidai inda ta tsaya a nan son rai yake karɓa, da sauri har mutum ba ya ganin wurin da suka yi musanya. Na ga mutane da yawa da aka tilasta musu kurɓi ɗaya, suka shanye tulu suna cewa ai ba laifinsu ba ne. Ban zarge su ba, na san zafin ƙishi. Amma duk lokacin da duniya ta matse ni har na ba da abin da ba na so, nakan ba da daidai abin da aka ƙwata, in tsaya a nan. Abin da ya rage a moɗa nawa ne, kuma ni za a tambaya a kansa.